Zuwa ga Aminina a Kumasi, kan Maganar Abba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da jikoki, da dukkan mutanen Zango. Saƙonka ya iso tun kafin azumi, na yi nauyin amsawa. Kunya ce ta hana ni, domin labarin da zan ba ka ba mai daɗi ba ne, kuma na fi so ka ji shi daga bakina kafin 'yan goro su kai maka shi da ƙari.

Ɗanka Abba ne. Shekararsa 27 yanzu, ka tuna kai ka yanka ragon sunansa. Ranar wata Asabar suka fito daga ɗaurin auren abokinsa, motoci a jere, aka fara irin wasan motar nan da samarin yanzu suka mayar da shi ado. A titin Zariya, wajen Na'ibawa, ya kwashi wani mai adaidaita sahu. Bawan Allah ya karye a cinya, matar da ya ɗauko ta sha ɗinki a goshi. Ba a rasa rai ba, wannan kaɗai nake ta yi wa Allah godiya. Waɗanda suka gani sun ce gudun da yake yi ko a babbar hanyar Kaduna, inda doka ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100, ya yi yawa, balle cikin gari da aka ce 50.

Da aka kira ni daga caji ofis, wallahi hannuna har ya kai kan waya zan kira wanda na saba kira. Sai na ajiye. Ka san wannan ne karo na uku. Na farko 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, suka kama shi ya keta danja, na je na ba da haƙuri. Na biyu ya daki katangar wani maƙwabci, na biya bulo da siminti, na ce kada uwarsa ta ji. Kowane karo sai in ce ƙuruciya ce. Wannan karon na bar shi ya kwana biyu a bayan kanta.

Gidan nan bai zaunu ba. Uwarsa ta daina cin abinci, tana ta maimaita mini cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce mata ban yanke ba, ina so ne ya ji zafin ruɓar. 'Yan'uwa masu zuwa jaje kuwa kowa da kalmarsa guda: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, Alhaji, ka san ni. Amma wanda ya taka totur har ƙasa a tsakiyar jama'a, ban iya kiran abin da ya yi tsautsayi ba. Tsautsayin na mai adaidaitan ne, da ya fito neman abin da zai kai wa mai keken balas da yamma.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne takardu. Lasisinsa ya ƙare tun bara. Inshorar motar ma, ta naira 15,000 ɗin nan da aka ƙara kuɗinta a 2023, na ba shi kuɗin da hannuna ya sabunta, ashe sun tafi wani wajen. Da tana nan da ta ɗauki wani abu na gyaran keken. Yanzu komai a kaina yake: asibiti, gyara, lauya, da abincin gidan mutumin, mai 'ya'ya huɗu.

An kai shi kotun majistare kan tuƙin ganganci da jikkata mutane. An ba da belinsa, ƙanena ya tsaya masa, ni na ƙi. Lauya ya ce in muka yi sulhu da waɗanda aka ji wa ciwo, zai taimaka a gaban alƙali, amma bai yi mana alkawarin komai ba. Mai unguwa ya shiga maganar. Na gindaya wa Abba sharaɗi: shi zai riƙa kai abinci asibiti kullum, a ƙafa ko a haya, kuma rabin albashinsa na can har mutumin ya miƙe. Makullin motar yana aljihuna.

Ranar farko da ya dawo daga asibitin bai ce da kowa komai ba. Ƙanwarsa ta ce ta ji shi yana kuka a ɗaki. Ban shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe, sannan na wuce masallaci. Har yau ina tambayar kaina ko daidai na yi.

Za a koma kotu bayan Sallah da mako biyu. Abba yana jin nauyinka fiye da nawa, don Allah ka kira shi. Kada ka yi masa faɗa, ya sha isasshe, ka dai yi masa magana irin ta uba. A sa mu a addu'a, da shi mara lafiyar.

Hajiya tana gaida Hajiya, ta ce atamfar ta iso.

Naka amini,
daga Kano