Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Kwamitin Kiɗa da Raye-rayen Gargajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dattawanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mambobi mazauna Greensboro da garuruwan da ke kewaye da ita a jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, kwamitin yana gabatar muku da bayanin abin da ya gudanar a shekarar 2025, da matsalolin da ya ci karo da su, da kuma abubuwan da yake neman babban taro ya yanke hukunci a kansu. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji, don haka ba za a maimaita shi a nan ba.

Dukkan ayyukan bana sun ginu ne a kan shawarar da babban taron bara ya amince da ita, cewa duk wasan da za a yi da sunan ƙungiya a gaban jama'a, da kayan kiɗa na hannu za a yi shi, ba da kiɗan da aka naɗa a waya ba. Mambobi za su tuna abin da ya jawo wannan shawara. A tarukan al'ummomi mun sha ganin 'yan ƙabilun tsaunukan Biyetnam, waɗanda suka fara zama a wannan jiha tun 1986, suna ɗauko farantan tagullarsu na kiɗa, mutanen Meziko suna zuwa da jitocinsu, mu kuma yaranmu suna tsaye cikin ado suna jiran a haɗa waya da lasifika. Kwamitin yana sanar da ku cewa an kiyaye wannan shawara daga farkon shekara har ƙarshenta, ko da yake ta rage yawan gayyatar da muka iya amsawa.

An yi atisaye a ɗaki cikin watannin sanyi, aka dakata da shigowar azumi a farkon Maris, sannan aka fito da wasa na farko a taron Ƙaramar Sallah a ƙarshen watan. Iyayenmu mata ne suka buɗe fili da kiɗan ƙwarya, 'yan mata suka yi gaɗa, samari suka yi rawa da kalangu. An sake yin irin wannan a Babbar Sallah a watan Yuni, inda 'yan'uwanmu Zabarmawa suka ƙara da nasu salon. Da bazara mun amsa gayyatar wani taron unguwa a filin shaƙatawa, tare da masu rawar Meziko da na Nepal, kuma a can ne aka fi tambayarmu game da kalangu da yadda matsa tsirkiyarsa a hammata ke sauya muryarsa.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamitin, kuma wanda muke ganin ya fi kowanne amfani, shi ne zaman da muka riƙa yi da makaɗan gargajiyar wannan yanki. Yana da kyau mambobi su san irin ƙasar kiɗan da muke zaune a cikinta. Kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan gargajiya na wannan yanki, ya samo sunansa daga ƙungiyar Blue Grass Boys ta Bill Monroe, mutumin jihar Kentucky da aka haifa a 1911, amma salon bai kammala kamanninsa ba sai a ƙarshen 1945, lokacin da Earl Scruggs, ɗan wannan jiha tamu daga yankin Shelby, ya shiga ƙungiyar da salonsa na kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da fatar da aka ɗame, da yatsu uku. Kayan kiɗan duka na tsirkiya ne: banjo, jita, mandolin, gogen Turawa, da babban goge mai tsayin mutum wanda ake tsinka da yatsu. Ba a sa ganga, kuma a al'adance ba a haɗa su da lantarki. Kafin bulugiras akwai tsohon kiɗan tsaunukan Appalachia, na goge da banjo, wanda ake yi domin rawa, kuma har yau yana raye a gasannin makaɗa irin na Mount Airy a wannan jiha da na Galax a jihar Virginia, wanda aka fara tun 1935.

A ƙarshen Afrilu mambobinmu sun kasu biyu, domin manyan taruka biyu sun faɗo a mako guda. Wasu sun tafi MerleFest a Wilkesboro, bikin da aka kafa a 1988 domin tunawa da Merle, ɗan shahararren makaɗin jita Doc Watson. Wasu kuma sun tafi Durham, inda Rhiannon Giddens, makaɗiyar banjo haifaffiyar Greensboro, ta shirya bikin Biscuits & Banjos, shekara ashirin bayan taron baƙaƙen fata makaɗan banjo da aka yi a Boone a 2005. Daga wancan taro ne ƙungiyar makaɗa ta Carolina Chocolate Drops ta samo asali, kuma mambobinta sun koyi kiɗa a hannun dattijo Joe Thompson na garin Mebane, baƙar fata mai goge wanda ya rasu a 2012. A duka wuraren biyu 'yan kallo muka je, haka ma a bikin gargajiya na jiha da ake yi kyauta a tsakiyar Greensboro kowane Satumba, wanda ya gaji bikin ƙasa da birnin ya karɓi baƙuncinsa daga 2015 zuwa 2017.

Bayan dawowa daga waɗannan tafiye-tafiye ne muka gayyaci wasu makaɗan banjo da goge na nan gari, muka ajiye musu gurmi da goge namu a gabansu. Sun daɗe suna juya gurmin, suna duba ƙoƙon da fatar da aka ɗame a kansa da sandar da ta ratsa shi, domin tsohon banjo da bayi suka ƙera a tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka da ƙoƙon duma da fata aka yi shi. A nan kwamitin yana so ya ja hankalin mambobi, musamman matasa masu yin bayani a gaban baƙi. Gaskiya ne cewa banjo ya samo tushe daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma, kuma gurmi yana cikin danginsu. Amma masu bincike sun fi nuna akonting na ƙabilar Jola ta Gambiya da kudancin Sanagal, saboda gajeriyar tsirkiyarsa ta babban yatsa da kuma yadda ake dukansa da bayan farce. Bai dace mu tsaya a dandali mu ce daga gurmi banjo ya fito ba. Zumuncin da ke tsakaninsu ya ishe mu alfahari, kuma faɗin abin da ba mu da hujja a kansa zai zubar da ƙimarmu a idon mutanen da suka san tarihin kayansu sarai.

Haɗa kiɗan kansa bai zo da sauƙi ba. Bulugiras yana da sauri ƙwarai, kuma tsarinsa shi ne kowane makaɗi ya karɓi karin ya nuna gwanintarsa sannan ya miƙa wa na gaba, alhali mu mun saba da jagora da 'yan amshi. Kalangu kuma ya danne muryar kayan tsirkiya gaba ɗaya, sai da makaɗinmu ya ajiye sandar kiɗa ya koma taɓawa da yatsu. Inda aka samu jituwa ta gaske shi ne a tsohon kiɗan tsaunuka, domin da yawa daga cikin karinsa a kan sautuka biyar suke tafiya kamar namu, kuma ana maimaita su ne ana juyawa har masu rawa su gaji. Mai gogenmu ya kama irin wannan kari cikin ɗan lokaci, su kuma suka bi wani karin gurmi na 'yan kokawa. Da kaka muka gabatar da wannan haɗin a wani zauren al'umma, masu rawar buga ƙafa a kan katako suka shiga, samarinmu suka amsa musu da nasu takun.

Akwai damuwa biyu da wasu dattawa suka gabatar, kuma kwamitin ya ɗauke su da muhimmanci. Ta farko ita ce rawar da ake yi bibbiyu, namiji da mace riƙe da hannun juna, mai kira yana faɗa musu inda za su juya. Mun bayyana wa abokan aikinmu cewa yaranmu ba za su shiga wannan ba, suka karɓa ba tare da wata gardama ba, har suka shirya layin mata zalla domin 'yan matanmu su koyi takun. Ta biyu ita ce wuraren da ake sayar da barasa, kuma saboda haka mun ƙi amsa wasu gayyata. Muna kuma girmama mambobin da fahimtarsu ta addini ba ta ba su damar halartar kiɗa ba, shi ya sa ake sanya wasa a ƙarshen kowane taro, bayan an gama addu'a da cin abinci.

Ta fannin kayan aiki, danshin bazara yana saki fatar gurmi da ta kalangu, bushewar ɗakuna masu na'urar ɗumama da sanyi kuma tana fasa ƙoƙo. Mun kuma umarci masu tafiya gida da kada su sayo goge mai fatar guza, domin wannan dabba tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai, kuma shigo da fatarta Amurka ba tare da izini ba zai iya jawo a ƙwace kayan a filin jirgi. A nemi mai fatar akuya.

Babbar matsalarmu ita ce ƙarancin masu koyarwa. Mutum ɗaya ne tak a cikinmu ya iya goge, shi ma aikin dare yake yi, kuma duk ranar da bai samu sarari ba wasan haɗin gwiwa ba ya yiwuwa. A gasannin makaɗan wannan yanki akwai rukunin yara, za ka ga ƙaramin yaro riƙe da goge yana kaɗa abin da ya koya a wurin kakansa, alhali yawancin yaranmu rawa kawai suka iya. Saboda haka kwamitin yana roƙon babban taro ya amince da ware wani kaso na kuɗin wata domin sayo gurmi da ƙananan kalangai na koyo, ya amince a riƙa ba mai koyarwa ɗan ihsani, kuma ya ba da izinin buɗe ajin yara a ranakun Asabar bayan an tashi daga makarantar Islamiyya. Iyayen da ke son 'ya'yansu su shiga, maza ko mata, su ba da sunayensu ga sakatare kafin ranar taron, domin a san adadin kayan da za a yi oda kafin masu tafiya gida su tashi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Kwamiti, a madadin dukkan mambobinsa.