A Riƙa Lissafa Halin Ƙarfen Gini Cikin Gobara

Ya Edita,

Idan aka sake gina kasuwa bayan gobara, da an ce an sa ƙarfe sai hankalin 'yan kasuwa ya kwanta. Ƙarfe ba ya cin wuta, amma yana miƙewa, ya yi laushi. Bim, wato dogon ƙarfen da ake gindayawa tsakanin ginshiƙai, mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 500 na ma'aunin Celsius, yana ƙara kimanin santimita 6 zuwa 7. A digiri 600 ƙarfinsa bai kai rabi ba, taurinsa kuma ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku.

Kuskuren da ake yi a lissafin kwamfuta shi ne a ɗauki bim shi kaɗai, kamar yana da filin miƙewa. A cikin gini kuwa ginshiƙai sun tokare shi ta kai biyu, sai ya lanƙwashe, tsakiyarsa ta lotsa. Gwajin gobara da aka yi a Cardington a Ingila, a bene mai hawa 8 a shekarun 1995 da 1996, ya nuna haɗarin da ke biyo bayan mutuwar wuta: ƙarfen yana hucewa yana tsukewa, ya fizgi mahaɗa, wato inda aka ɗaure bim da ginshiƙi, har farantinta na ƙarfe ya tsage ko kusoshinta su karye.

Muna roƙon hukumomin da ke amincewa da zanen gini su nemi lissafin ya haɗa da mahaɗai da lokacin hucewa, a kuma lulluɓe ginshiƙai da kankare ko fentin da ke kumbura da zafi.

Wasu injiniyoyin gini,
Kano