Wasiƙa daga Damagaram kan jarin ƙera jiragen ruwa a Gaya

Zango, Damagaram

Zuwa ga aminina Alhaji, a Abijan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran ƴan'uwanmu mazauna can. Mu nan sai godiya ga Allah. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in buga waya, domin maganar ta shafi dukiya, kuma irinta ta fi kyau a rubuce, yadda za ka karanta a natse, ka nuna wa wanda ka yarda da hankalinsa, sannan ka ba ni amsa.

Mu ƴan kasuwa kaɗan daga nan, tare da abokan hulɗarmu na Dosso da Gaya, mun ƙudurta kafa wurin ƙera jiragen ruwa masu inji da gyaransu a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, kusa da garin Gaya, kuma yanzu muna matakin tara jari. Na san za ka tambayi abin da ya haɗa Badamagare da jirgin ruwa, alhali tsakaninmu da Gaya tafiyar kusan kilomita 900 ce, kuma ko ruwan shan garinmu daga nesa ake janyo shi. Amma ka sani dukiyar Damagaram ba ta taɓa tsayawa cikin ganuwar Birni ba. A ƙarni na 19 fataken Zango irin su Malam Yaro bisa raƙuma suke tura hajarsu har Tarabulus, su jira watanni kafin su ga abin da ta haifar, kuma a zamanin Sarki Tanimu maƙeran garin nan suka zuba igwa da hannunsu. Fatauci mai nisa da aikin ƙarfe duka gadonmu ne, don haka ban ɗauki nisan kogin a matsayin hujjar janyewa ba.

Kogin yana ratsa ƙasarmu tsawon kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali har ya fita ƙasa da Gaya ya shiga Najeriya. Mutanen da ke zaune a gaɓarsa da tsibiransa da jirgi suke zuwa kasuwa, da shi suke ɗaukar shinkafa da albasa da kifi da dabbobi, da shi kuma suke kai mara lafiya asibiti. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, fiton mutane da kaya ya koma kan kwalekwale, kowa kuma ya ga yawan nauyin da waɗannan jirage ke ɗauka da kuma halin da suke ciki. Galibinsu na katako ne, an ɗaura musu injin Yamaha a baya. Maɗacin da ake sassaƙa su da shi a da ya yi wuya, katakon da ake kawowa daga kudu ya yi tsada, idan kuwa inji ya lalace a gindin bishiya ake kwance shi, a gyara da abin da ya samu.

Ka ji labarin jirgin da ya nitse kusa da Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da wanda ya kife da ƴan biki a yankin Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutane fiye da 100 suka rasu. Wannan kogin namu ne dai ya gangara can, kuma jiragen iri ɗaya ne da namu. Dalilan ba su ɓuya ba: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon katako da ke tsagewa idan ya bugi kututture, da rashin rigar ruwa. Ajali na Allah ne, amma jirgin ƙarfe da aka raba cikinsa gida-gida da bangon da ruwa ba ya ƙetarewa, idan gefe ɗaya ya huje sauran sukan riƙe shi a sama har a kai gaɓa. Wannan shi ya fara jan zuciyata ga aikin tun kafin mu zauna lissafin riba.

Abin da na fi so ka fahimta, wanda kuma muka fi daɗewa muna jayayya a kansa, shi ne da gyara za mu fara, ƙira ta biyo baya. Wasu daga cikinmu sun so a buɗe da sabon jirgi babba, a gayyato hukuma a yi bikin saka shi a ruwa, domin a ganinsu hakan ne zai jawo masu kuɗi. Ni na ƙi, kuma halin kogin da kansa ne hujjata. Isa yana cika sau biyu a shekara a yankinmu: akwai jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, wanda ƙoramun kusa ke zubowa, sannan akwai ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, wanda yake jinkiri a fadamun Mali, ba ya isowa Yamai sai wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ya riƙa janyewa, har tsakanin Afrilu da Yuni yashi ya fito fili, manyan jirage su zauna. A shekarar 1985 ma kogin ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai. Ma'anar wannan ga mai jari ita ce duk shekara akwai watannin da mai jirgi ba ya samun kuɗin fito sosai, kuma a daidai lokacin ne yake buƙatar a jawo jirginsa tudu, a kankare tsatsa, a toshe kafa, a shafa fenti, a kwance inji a sauya abin da ya ci. Aikin gyara yana zuwa da kansa kowace bazara, kuɗinsa kaɗan-kaɗan ne amma hannu da hannu ake biya, kuma ta nan ne masu jirage da sarakunan ruwa za su san aikinmu. Wanda ka gyara masa inji ya yi shekara bai tsaya ba, shi ne zai zo da kuɗinsa ya ce a ƙera masa sabo. Idan kuwa muka zuba jarin duka a jirgin da babu wanda ya yi odarsa, muna iya wayar gari da ƙarfe a bakin ruwa, babu kuma abin biyan ma'aikata.

Idan lokacin ƙira ya yi, jirgin da ya dace da kogin nan mai shimfiɗaɗɗen gindi ne, wanda ba ya nitsewa cikin ruwa sosai ko da an yi masa lodi, domin ya wuce inda yashi ya taru. Mun fi karkata ga farantin ƙarfe a kan faiba, saboda mai walda ana samunsa a kowane gari, kuma ƙarfe yana jure gogar dutse da yashi, ko da yake yana son fenti a kai a kai. Ga manyan jiragen kaya muna son injin gazuwal da ake girkewa a ciki, mai juya farfela ta sanda, domin ya fi injin baya mai shan isansi sauƙin mai a doguwar tafiya, gazuwal ɗin kuwa matatar SORAZ da ke arewa da garin nan tana tace shi tun 2011. Ba sabon abu muke ƙagowa ba. A Mali an daɗe ana ƙera manyan kwalekwale masu inji a Mopti, jiragen ƙarfe kuma sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin Kulikoro da Gawo idan ruwa ya cika.

Yanzu ga maganar kuɗin. Mun yanke shawarar ba za mu fara da bashin banki mai ruwa ba. Bayan abin da addini ya ce a kai, lissafi ma bai goyi bayansa ba, domin bashi wata-wata ake biyansa, sana'ar kuwa shekara-shekara take juyawa. Tarayya muke so, wadda malamai ke kira musharaka: kowa ya zuba abin da zai iya, a raba riba bisa yarjejeniya, hasara kuma ta hau kan kowa gwargwadon jarinsa. Ta fuskar hukuma za mu yi rajistar kamfani mai hannayen jari a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA, waɗanda Nijar da Kodebuwa duka suke bi, don haka takardar da za ka riƙe lauyan can zai iya karanta maka ita ba tare da wahala ba. Dokar ta sa mafi ƙarancin jarin irin wannan kamfani miliyan 10 na sefa, ta kuma wajabta naɗa mai binciken lissafi daga waje. Abin da muke nema ya zarce wannan adadi nesa, amma sharaɗin mai binciken ne ya sa na dage a kan wannan tsari, saboda zumunci da yawa ya lalace a kan kuɗin da aka haɗa da baki, babu takarda babu shaida.

Jarin farko zai tafi ne ga fili a tudun da ambaliya ba ta kaiwa, da gangarar siminti mai layin ƙarfe wadda ake jawo jirgi a kanta daga ruwa, da rumfar aiki, da injunan walda da na yankan ƙarfe, da injin wuta namu na kanmu, tun da mun ga yadda lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ya yanke a watan Agustan 2023. Kaso mai kauri kuma za a ajiye shi gefe domin albashi da kayan gyara, kuma a nan ne nake shan wahalar shawo kan mutanenmu, domin ɗan kasuwar Dole ya saba ya sayi wake da kaka ya sayar da bazara ya ga ribarsa, kuɗin da ke zaune a asusu kuwa gani yake kamar asara ne. Na gaya musu, kuma ina gaya maka, wanda zai buƙaci kuɗinsa nan da shekara ɗaya ko biyu kada ya saka su a nan. Sabbin jirage kuma ba da jarin kamfani za a riƙa ƙera su ba. Akwai cinikin da fiƙihu ya sani da sunan istisna'i, inda mai saye yake faɗin siffar abin da yake so, a yi tsada, ya riƙa biya kashi-kashi yayin da aiki ke tafiya. Da haka kafin alƙalamin mai jirgi ne zai sayi ƙarfen jirginsa.

Ba zan ɓoye maka inda hatsarin yake ba. Matsalar tsaro a yankin Tillaberi da kewayen gandun dajin da ake kira W ta rage zirga-zirga a wani sashe na kogin, shi ya sa muka ɗora lissafinmu kan Gaya da ƙauyukan da ke ƙasa da ita da maƙwabtanmu na Benin da Kebbi. Duk ranar da gada ta koma aiki yadda take a da, fiton tsallakawa zai ragu, don haka ba mu sa shi cikin abin dogaro ba, kasuwannin bakin kogi da masunta muka sa. Faranti da injuna daga waje suke zuwa, kuma hanyar Lome ta Burkina ta fi ta Kwatano tsawo da tsada. Abin da ke da sauƙi a nan shi ne sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka farashin injin da aka yi ciniki da kuɗin Turai ba ya sauyawa a hannunmu tsakanin oda da isowa, saɓanin abin da ake saye da naira. Madatsar ruwa ta Kandaji da ke kan kogin a sama da Yamai, idan Allah ya sa aka kammala ta, an tsara ta riƙa sako ruwa da rani, wanda zai tsawaita watannin tafiyar jirgi, amma mun yi lissafinmu kamar babu ita. Tafkin Cadi ma, wanda ya fi kusa da mu ta Difa, kasuwa ce ta masunta da masu banda da muke hange nan gaba idan zaman lafiya ya samu.

Buƙatata gare ka guda biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farkon nauyi a wurina. Ta farko, ka duba abin da za ka iya sakawa ba tare da ka taɓa uwar kuɗin shagonka ba, ka kuma yi wa ƴan'uwanmu na can bayani yadda na yi maka, har da hatsarin. Kada ka karɓi kuɗin kowa a hannu. Idan rajista ta kammala za a buɗe asusu da sunan kamfani, kowa ya zuba da kansa ya karɓi takardarsa. Ta biyu, muna neman shugaban aiki. Masu walda muna da su, amma waldar ƙofa da taga daban take da waldar da za ta riƙe ruwa ta ɗauki rayukan mutane. Kai kana zaune a garin da kamfanin Carena ya daɗe yana gyaran manyan jiragen teku, ga kuma jiragen fasinja da ke ratsa ruwan tsakiyar birnin kullum, don haka masu wannan sana'a ba su yi maka nisa ba. Ka nemo mana mutum mai gaskiya wanda ya iya karanta zanen jirgi, ya san jeren haƙarƙarinsa da daidaita sandar farfela, wanda kuma zai yarda ya zauna Gaya ya koyar da yaranmu. Idan ɗan ƙasa ne da ke son komowa gida, ya fi. Mun amince a ba shi albashi tare da wani kaso na hannun jari, domin ya ɗauki wurin a matsayin nasa.

Zan aiko maka da daftarin yarjejeniyar da zanen filin ta hannun mai zuwa can, ko ta WhatsApp idan ka fi son haka. Ka karanta da idon mai neman kuskure, duk abin da bai kwanta maka ba ka rubuto mini shi ƙarara kafin zamanmu na gaba da mutanen Gaya, domin in gabatar da shi a gaban kowa.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da dukan Damagarawan da ke tare da kai. Mutanen gida suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a cikin nema.

Wassalam,
Amininka, daga Zangon Damagaram