Direban da ya kori damisa daga ruwa ba gwani ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na rediyo na daren Asabar ne ya hana ni sukuni har sai da na zauna na rubuto muku. Maganar da baƙonku ya yi a kan gandun dajin Yala da ke ƙasar Siri Lanka, cewa duk mai son ganin damisa ya danƙa wa direba na goro tun daga bakin ƙofa don ya taka mota, ita ce ta tsaya mini a rai. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne dariyar da mai gabatarwa ya yi, har yana kiran irin wannan direba gwani. Haka aka rufe shirin, ba wanda ya ce uffan.

Ni na je Yala, kuma abin da baƙon nan ya ce a yi, shi na yi, shi ya sa nake da bakin magana. Fataucin duwatsu masu daraja nake yi, shi ke kai ni Siri Lanka, kasuwar Beruwala. A wata tafiya ciniki ya tsaya mana na kwana uku, sai mai masaukina, wani dattijo Musulmi da muka daɗe muna hulɗa, ya ce in zo ya kai ni in ga daji. Muka kwana a garin Tissa. Muna idar da sallar Asuba muka fita, amma kafin mu isa Palatupana, ƙofar shiga gandun, layi ya riga ya yi tsawo, duk motocin irin a-kori-kurar nan ne da aka ɗora wa kujeru da rumfa a baya. Ƙarfe 6 aka buɗe ƙofa. Na ciro kuɗi na ba direbanmu, na ce masa ni damisa na zo gani.

Ba mu cika awa guda ba wayarsa ta yi ƙara. Kalma ɗaya na kama a bakinsa, kotiya, wato damisa da harshen Sinhala. Nan take ya murza kan mota ya taka. Hanyar ta jar ƙasa ce mai ramuka, muna riƙe da ƙarfen kujera da hannu biyu, ƙurar motar gaba ta rufe mana ido. A haka muka wuce wani damo kwance tsakiyar hanya, taya ta bi ta kan gadon bayansa, wutsiyar tana ta motsi. Ba motarmu ce ta taka shi ba, amma gudun da waccan ta yi shi muke yi mu ma. Damo sarkin haƙuri, a cikin gidansa, a wurin da doka ta ce nan ne ba mai taɓa shi.

Da muka isa na ƙirga mota 27 a wuri ɗaya. Ba wanda ya kashe inji. Hayaƙin dizal, direbobi suna yi wa juna ihu kowa yana neman inda zai cusa kan motarsa, mutane sun miƙe tsaye a kan kujeru da wayoyi da kyamarori. Damisar tana kwance bisa wani falalen dutse. Can ta sauko a hankali ta nufi hanya, don akwai kududdufi a ɗaya ɓangaren, ga shi lokacin rani ne, ruwa ya yi ƙaranci. Sai ta tarar motoci sun yi mata katanga. Ta tsaya, ta kwantar da kunnuwa, ta taka dama ta taka hagu ba kafa, ta juya ta shige cikin ƙaya. Ba ta sha ruwan nan ba. Mutane suka yi ta murna suna nuna wa juna hoto. Hausawa ba banza suka yi mata kirari da ƙi sabo ba, dabba ce mai son kaɗaici, amma mu muka taru a kanta kamar ranar kasuwa.

Dattijon nan bai ce mini komai ba sai da muka fito. Sannan ya ce, cikin ladabi, kuɗin da na bayar da safe su ne suka yi wannan gudu. Wallahi har yau in na tuna sai na ji nauyin abin. Direbobin ba su kaɗai ke da laifi ba. Talakawa ne masu iyali, sun san baƙon da ya ga damisa hannunsa a sake yake, wanda bai gani ba kuwa fuska a murtuke zai sauka. Mu masu biya mu ke ɗora su a kan wannan hanya, ga shi yanzu gidan rediyo guda yana koya wa mutane yadda ake yi.

Da masu shirya shirin sun ɗan bincika, da sun san abin ba sabo ba ne. Tun 1938 Yala take gandun daji na ƙasa, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 980, amma kusan kowa yanki ɗaya yake cunkusa, don nan damisa ta fi yawa. Irin damisar tsibirin ba a samunta a ko'ina a duniya sai can, kuma da yake babu zaki a ƙasar, ita ce sarauniyar dawa, shi ya sa take fitowa fili da rana har a gan ta. Kiran wayar nan da direbobi ke yi wa juna ya kashe dabbobi a kan hanya, har ta kai a 2015 hukuma ta sa a riƙa katse layin waya a gandun a wasu sa'o'i. Wannan shi ne labarin da ya kamata ku ba mu.

Tsuntsaye kuwa jimla ɗaya tak kuka ba su, wai akwai su ga masu sha'awa. Haba! Washegari dattijon ya kai ni Bundala, kusa da Hambantota, wurin fadamu da gonakin gishiri a bakin teku, inda aka lissafa tsuntsaye kusan iri 200. Motoci ƙalilan muka gani duk yinin. Direban ya tsaya gefen ruwa ya kashe inji, ya miƙo mini madubin hangen nesa. Ni ɗan Haɗeja ne, na tashi ina ganin tsuntsayen da ke sauka fadamarmu da hunturu, amma ban taɓa zama na ƙura wa ɗaya ido ba sai ranar. Ga kwasakwasa sun jeru suna kamun kifi tare, ga zalɓe tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi, ga wata irin shamuwa mai rawayan baki da ɗan ja-ja a gashin bayanta, tana tafiya cikin ruwa baki a ɗan buɗe tana lalube, da kifi ya taɓa sai ta datse. Ɗawisu kuwa a daji yake yawo abinsa, ba na gidan sarki ba. Kada yana kwance a gaɓa baki buɗe, ba wanda ya tashe shi. Awa biyu muka yi a nan, ba abin da ya gudu saboda mu. Tsibirin yana da tsuntsaye fiye da iri 30 waɗanda babu su a wata ƙasa, cikinsu har da kazar dajin da suka ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasarsu. Duk wannan bai isa ya samu minti biyu a shirinku ba?

Tunda na riga na fara, bari in ƙara da wannan. Maimaicin shirin da kuka mayar daidai lokacin sallar Magariba, wa kuke so ya saurara? Da can bayan Isha'i ake sa shi, muna zaune a ƙofar gida muna ji tare. Sau biyu ina aiko da saƙo a kan haka, ba a karanta ko ɗaya ba.

Ina roƙonku ranar Asabar mai zuwa mai gabatarwa ya janye maganar nan da bakinsa, ya gaya wa masu sauraro cewa in Allah ya kai mutum Yala, ya ce wa direba tun a ƙofa ba ya son gudu, kuma tukwicinsa yana nan ko an ga damisa ko ba a gani ba.

Wassalam.

Mai sauraronku na kullum,
daga Fagge, Kano