Faifan Stankonia da yaranmu masu rap a Agege

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan aiki lafiya.

Ranar Lahadi ina zaune a shagon ƙanina mai gyaran waya a nan Agege sai ga ɗan yayata da abokansa su uku, wai kawu saurari waƙarmu. Na sa iyafis na ji, wallahi yaran suna da murya kuma bakinsu na da sauri, amma kiɗan a YouTube suka sauke, kalmomin kuma rabi Turanci rabi burokin, Hausa sai ɗan "wayyo" da aka jefa a amshi. Na ce ina taku Hausar? Ɗaya ya ce kawu ai in muka yi da Hausa dariya za a yi mana a Legas, a ce aboki ya zo rap. Maganar nan ta tsaya min a rai, shi ya sa na rubuto.

Ni a 2001 na sayi faifan Stankonia na Outkast a hannun wani mai talla cikin goslo a Oshodi, ta tagar danfo na miƙa kuɗin, har kwalin ya tsage amma na ji shi sai da ya fara tsalle a rediyo. Su biyu ne, André 3000 da Big Boi, 'yan Atlanta a kudancin Amurka, kuma a lokacin 'yan New York gani suke rap nasu ne, na Kudu ƙauyawa ne kawai masu karyayyen harshe. A bikin karrama masu rap na Source Awards na 1995 da aka ba su kyauta ihu aka yi musu a zauren, André ya karɓi makirfo ya ce Kudu ma tana da abin faɗa. Ba su gyara harshensu don a so su ba, sai ma suka ƙara komawa gida, suka ɗauko kiɗan funk na iyayensu irin na su George Clinton, kiɗa mai jita da bes mai nauyi, har shi Clinton ɗin ya shiga faifansu na Aquemini a 1998.

Stankonia ya fito 31 ga Oktoba 2000, a situdiyonsu da suka saya suka yi shi. Waƙar farko da suka saki, B.O.B., wato Bombs Over Baghdad, gudu take kamar an biyo ta, ga jita ga amshin mawaƙan coci, wasu gidajen rediyo ma ƙin sa ta suka yi saboda sunan Bagadaza da ke ciki. Amma Ms. Jackson, wadda mutum ke ba uwar matar da suka haihu tare haƙuri bayan sun rabu, ta hau lamba ɗaya a Amurka a farkon 2001, a 2002 kuma faifan ya ci Grammy na kundin rap mafi kyau. Ba na cewa komai a ciki alheri ne, akwai batsa da zagi da ba zan sa a gaban 'ya'yana ba, wannan kam gaskiya ne, amma abin da ya kama ni shi ne mutanen da aka raina sun ci kasuwa da kayan gidansu.

Kuma shi funk ɗin nan ba baƙo ba ne a garin nan fa. A 1970 mawaƙin funk na Amurka James Brown ya zo Legas, mai kaɗa masa bes Bootsy Collins ya je kulob ɗin Fela ya kalli wasa, daga baya ya koma wajen George Clinton ɗin da Outkast suka sha a wurinsa. Wato kiɗa yana yawo ne yana dawowa, kowa da abin da ya zuba a tukunyar.

To mu me muka rasa? Kalangun Shata yana magana kamar mutum, kotson Ɗanƙwairo in ya tashi ƙirji yake bugawa, Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan shekara da shekaru yana ba da labarin karen mota da talaka. Kirarin 'yan dambe da 'yan tauri ma in ka saurara da kyau ai jera kalma ce kan kiɗa, da habaici da zambo da komai. A nan Agege da Mile 12 da Idi-Araba akwai makaɗan kalangu da ke zuwa bikin aure duk mako, kuɗin da yaran nan ke kashewa a data ya isa su ɗauki ɗaya zuwa situdiyo na awa biyu.

Roƙona gare ku Malam Edita, shafin nishaɗinku kullum Kano da Kaduna ne, auren 'yan fim da rabuwarsu. Ku turo wakili Legas ya zauna da yaran nan ya ji su, a rubuta abin da suka iya da inda suka kasa ba tare da an kira su 'yan iska ba. Ni dai na riga na yi magana da wani mai kalangu a layinmu, ya ce Lahadi mai zuwa bayan la'asar zai zo shagon da gangarsa.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas