A tantance masu koyar da kariya a wurin aiki kafin a ba su izini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta wa mai kamfani ya horar da sabbin ma'aikatansa kan lafiya da kariya daga haɗari. To shi mai ba da horon, wa ya auna iliminsa? A nan Damagaram mukan ga an tara leburori a ɗaki, a haska musu hotuna da Faransanci yini guda, a raba takardar shaida, kowa ya watse.

Shawararmu ita ce kada a ba kowa izinin koyarwa sai ya yi aikin da hannunsa a gaban sufetan ƙwadago da jami'in CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa) da ƴan kashe gobara. A kunna masa wutar gazuwal a rabin tano, ya zaɓi tukunyar kashe wuta da ta dace. In ya ɗauki ta ruwa ya faɗi, domin ruwa watsa mai yake yi, wutar ta bi shi. A ba shi mutum-mutumin roba ya nuna farfaɗo da zuciya: danna ƙirji 30, hura numfashi 2, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 100 zuwa 120 a minti. Da yawa sun haddace lissafin, amma hannu ya yi sakwa-sakwa, jini ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa.

Izinin kuma ya zama na fanni. Wanda ya iya taimakon gaggawa ba shi ne zai koyar da shiga tanki ko rami ba, aikin da ake yi a wurare irin matatar mai ta SORAZ da tashoshin mai da masai. Can sai an auna iska tukuna. In iskar shaƙa (oksijin) ta gaza kashi 19.5 cikin 100 na iskar wurin, ba shiga. Iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya, kuma in ta yi yawa takan kashe jin wari, sai ma'aikaci ya ɗauka ta wuce. Ga shi wanda ya faɗa ceto ba na'urar numfashi yakan zama gawa ta biyu. Malamin da bai taɓa riƙe na'urar awon ba, me zai koyar?

Sai harshe. Mai walda da majemi da birkila da Hausa suke aiki, tun 2025 kuma ita ce harshen ƙasa. A sa mai neman izini ya gabatar da darasi ɗaya da Hausa, a tambayi ɗalibansa abin da suka gane.

Ajin gwaji kada ya wuce mutum 10, izini ya ƙare bayan shekara 2 sai an sake jarrabawa, a kuma manna sunayen masu izini da fanninsu a ofishin sufetan ƙwadago na Zinder, mai kamfani ya duba kafin ya biya kuɗin horo.

Mun gode.

Wasu masu aikin kiyaye lafiyar ma'aikata,
Damagaram