Nauyin babur ɗin ƙanƙara da inda ake ɗora shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in amsa wata tambaya da ’yan’uwanmu da karatu ko aiki ya kai su Kanada, arewacin Amurka ko Finland suke yi idan hunturu ya kama: shin nauyin babur ɗin ƙanƙara yana da tasiri a tuƙi da ƙarfinsa? Yana da shi ƙwarai. Sai dai lambar da kamfani ke bugawa a takardar talla ita ce mafi ƙarancin amfani a lissafin.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abin hawa ne mai takalman sulɓi biyu a gaba, a baya kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora irin na katafila. Joseph-Armand Bombardier ne ya fitar da Ski-Doo a 1959 a garin Valcourt na lardin Quebec a Kanada, ga kuma Polaris da Arctic Cat na jihar Minnesota a Amurka, da Lynx na garin Rovaniemi a Finland.

Lambar talla nauyin babur ne ba mai a cikinsa. Na hawan duwatsu yakan kai kilo 200 ko kusa da haka. Cika tanki na lita 40 ya ƙara kilo 30. Sai injin oyil, da shebur da kayan gyara, da shi kansa mahayin da kayan sanyinsa, a ce kilo 90. Kafin a tashi an kai kilo 320, ban da ƙanƙarar da za ta daskare a ƙarƙashi bayan tafiyar awa guda. To mutumin da ya zuba kuɗi ya sayi salansa mara nauyi don ya rage kilo 5, bai rage ko kashi 2 cikin ɗari ba. Da ya tsaya ya kakkaɓe ƙanƙarar da ta maƙale, da ya samu irin wannan kyauta.

Inda kowane kilo ke magana shi ne dusar ƙanƙara mai zurfi da ba a taka ba. A nan babur yana tafiya ne muddin bel ɗinsa na ɗauke da shi a sama. Da ya nutse, haƙoran sai su haƙa masa rami. Shi ya sa na duwatsu ke da dogon bel, inci 154 zuwa 175, da haƙora masu tsawon inci 2.5 zuwa 3, alhali na hanya 129 ko 137 ya ishe shi. Dogon bel ya fi nauyi, amma yana baza nauyin a fili mai faɗi. Ga kuma ƙarancin iska: injin da ba shi da tobo, wato na’urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, wato a mita 2,400 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Saboda haka mahaya duwatsu suka riƙe inji mai bugu biyu, irin mai ƙona oyil tare da fetur, don ya fi sauƙin nauyi, har Ski-Doo ta sa wa nata tobo daga masana’anta a 2020. In kuwa babur ya kafe, da hannu ake ciccibo bayansa, nan ne bambancin babur mai kilo 200 da mai kilo 280 ke fitowa a ƙugun mutum.

A hanyar da aka daddale, lamarin da sauƙi. Inji mai bugu huɗu ya fi nauyi, amma ya fi ƙarko, ya fi natsuwa a miƙaƙƙiyar hanya. Aibinsa nauyin yana kan takalman gaba, sai kan babur ya yi tauri, kafaɗu su gaji, kuma tunda birki bel ɗin baya kawai yake kamawa, tsayawa takan ɗauki nisa.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne rabon nauyin. A 2003 Ski-Doo ta matso da mazaunin mahayi gaba a samfurin REV, nauyi ya taru a tsakiya, tuƙi ya canza sarai. Mai babur ma yana da nasa gyaran. Ya fara da sifirin ɗin baya: idan ya hau da cikakken kayansa, bayan ya sauka kimanin santimita 5 zuwa 8, gwargwadon abin da littafin samfurin ya ce. Sai maɗaurin da ke riƙe gaban shokazobar bel. A gajarta shi, takalma su ƙara danna ƙasa, kwana ta kamu amma kai ya yi nauyi. A sassauta, gaba ya yi sakayau, sai a juya kai babur ya ci gaba da miƙewa. Rami ɗaya na jikin maɗaurin ake matsawa, a gwada, sannan a ƙara. Wanda ya taɓa abu uku lokaci guda ba zai san wanne ya ɓata ba.

Jarkar mai ko kaya masu nauyi a can ƙarshen baya suna ɗage takalman gaba, suna kuma iya lanƙwasa jikin alminiyon. A matso da su kusa da mazauni. Kaya masu yawa a ja su a tirelar sulɓi da sandar ƙarfe, domin igiya tana barin kayan su daki babur idan aka taka birki. Jan nauyi a hankali da babban giya yana sa bel ɗin kuloci, wanda ke ɗauko ƙarfi daga inji, ya zame ya ƙone, don haka a sa ƙaramin giya in akwai, a kuma riƙe bel na safaya.

Kan tafkin da ya daskare kuwa, hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ba da shawarar kaurin inci 5 zuwa 7 na sabuwar ƙanƙara garai-garai kafin babur ya hau, a ninka idan fara ce. A huda a auna a wurare da dama, musamman kusa da bakin kogi inda ruwa ke gudu a ƙasa.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum